Yafiyar da Baba Kanar Bai Kai ga Roƙa Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi Baba Kanar ya riga mu komawa, wata safiyar Talata a cikin sanyin bana. Mutum na farko da ya hau yi mana gaisuwa shi ne mai gadin benenmu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira, wani dattijon Bamisire wanda ko gobara ake yi sai ya ƙarasa shayinsa kafin ya bar benci. Ya hau har hawa na biyar yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ta'aziyyarsa da Larabci, sannan ya tambaye mu wa zai riƙa gaya masa yanzu ko za a yi ruwa. A garin da sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, Baba ya yi shekaru yana ba shi labarin sama kowace safiya, shi kuma yana saurare kamar yana da gona.

Kafin azahar ɗalibanmu na unguwar Abbasiya sun cika matattakala, takalmansu sun taru har ba wurin ajiye ƙafa. 'Yan kasuwar Nijar na unguwar Hayyin Ashir sun rufe shaguna sun zo. Matan Sudan na hawa na uku suka shigo da gahawa mai citta, suka karɓe kicin daga hannuna ba tare da sun tambayi kowa ba. Wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta daɗe tana zuwa gidan ta ji ana cewa marigayin Ba'amurke ne, sai ta saki carbinta ta ce ita fa duk zaman nan ta ɗauka Buzu ne da ya daɗe a waje har Hausarsa ta karye. Mata suka yi dariya da hawaye a fuska, har Gwaggo sai da ta murmusa a ƙarƙashin mayafi.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, Baba Kanar kuwa mijinta. Na zo Alƙahira daga Zariya karatu, aka sauke ni a gidansu da niyyar in kwana biyu kafin in sami ɗaki, kwana biyun ya zama shekaru. Ina rubuta wannan ne saboda na lura mutane sun fara taƙaita shi da cewa wani Ba'amurke ne da ya musulunta. Ni kuwa na ci abinci a tire ɗaya da shi, na san ya fi haka yawa, kuma ina kewarsa.

Dogo ne, wankan tarwaɗa, jikan bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu, abin da yakan ce shi ya sa tuwo bai taɓa ba shi mamaki ba. Hafsa ne a sojan saman Amurka, matuƙin jirgin yaƙi, ya yi yaƙin Biyetnam yana matashi, ya bar aiki da muƙamin Kanar. Ko da tsufa ya kama shi, bayansa bai yarda ya lanƙwasa ba. Jallabiya yake sawa, amma yana goge ta har ta yi kaifi, Gwaggo tana tsokanarsa cewa ko limamin unguwa bai kai shi ƙyale-ƙyale ba. Hausarsa kuwa sai wanda ya saba. Yakan fara magana da Hausa, ya ratsa ta Larabcin titi, ya sauka a Turanci, sannan ya dube ka yana jiran amsa.

Sau uku ya yi aure. Ta fari 'yar garinsu ce, sun yi aure kafin ya tafi yaƙi, ta haifa masa 'ya mace yana can. Da ya dawo, a faɗarsa, jikinsa ne kawai ya shiga gidan. Ya koma shan giya da dogon shiru, wata rana kuma ya ɗauki jakarsa ya fita, yarinyar tana tsaye a taga tana kallonsa, bai waiwaya ba. Ta biyu Bamisiriya ce, malamar makaranta, sun haɗu lokacin da aiki ya kawo shi Masar koyar da matuƙa jirgi. A hannunta ya bar giya, a hannunta ya yi shahada, da ita ya yi aikin Hajji. Ba su haihu ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, maƙwabciyarsu mai sayar da turaren wuta, wata bazawara Bahaushiya mai faɗa da tausayi, ita ce ta yi ta jinyarta har ta cika. Wannan maƙwabciya ita ce Gwaggo. Takan ce ba ta aure shi don komai ba sai don ta gaji da ganin mutum yana cin burodi da cuku a tsaye kamar ɗan makaranta.

Bayan la'asar yakan hau rufin bene da kujerarsa. A wannan lokacin masu kiwon tantabaru suke sakin tsuntsayensu, sai ka ga garke-garke suna kewaya saman unguwa, masu su suna kaɗa musu tuta daga kan akurkin katako. Ta bayansu jiragen fasinja suke gangarowa a hankali zuwa filin jirgi, hasken yamma yana kwance a cikinsu. Ni nake kai masa shayi, kuma sau da yawa nakan manta in sauka. Garin yakan yi wani irin launi na zuma, kiran salla yana tasowa daga masallaci zuwa masallaci, shi kuma yana magana ƙasa-ƙasa, ba lalle da ni ba.

Yakan ce a can sama babu ƙara, duk ƙarar tana ƙasa wurin mutane. Ya ba ni labarin gonakin shinkafa na waccan ƙasa, cike da ruwa, sararin sama yana kwance a cikinsu, har matuƙi ya ga kamar yana tafiya tsakanin sama biyu. Ya ce da sassafe hayaƙin girki yakan tashi daga ƙauyuka a miƙe, siriri, babu iskar da ta taɓa shi. A nan yake tsayawa kullum, ya kurɓi shayi, ya nuna mini wata farar tantabara da ta ware daga garke. Sau ɗaya kawai ya wuce wurin.

"Idan na saki kayan, ɗiyata, sai jirgin ya yi sauƙi," in ji shi. "Sai ya ɗaga sama da kansa, kamar ya ji daɗi. Wannan sauƙin ne na kasa mantawa."

Na ɗauki kofinsa na sauka ƙasa.

Faɗa mafi girma da na taɓa gani tsakaninsa da Gwaggo a kan wani ɗalibi ne. Duk Juma'a Gwaggo takan yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ɗalibai su zo su ci. Wata Juma'a ana nuna wani gari da aka yi wa ruwan bama-bamai a talabijin, sai wani ɗalibi mai zafin kai, sabon zuwa, ya janye hannunsa daga kwano ya ce shi ba zai ci abinci da wanda ya taɓa zuba wa mutane wuta daga sama ba. Gwaggo ta fito da ludayi a hannu, ta bi shi da faɗa har matattakala, tana cewa tuwon nata ne ba na Amurka ba, kuma wanda bai iya gaisuwa ba kada ya koya wa manya tsoron Allah. Da ta dawo tana huci, tana jiran a yaba mata, sai ta tarar Baba ya ɓata rai. Ya ce yaron gaskiya ya faɗa, kuma ba a korar mutum daga gida don ya faɗi gaskiya. Ta ce to ya bi shi su zauna tare. Ya kuwa bi shi. Ya sa aka zuba tuwon a kula, ya hau mota har Abbasiya, ya ajiye a ƙofar ɗakin yaron. Gwaggo ta yi kwanaki tana ajiye masa shayi ba magana. Wannan ɗalibin yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma shi ya fi kowa kuka.

Aikin da ya ɗora wa kansa a tsufansa shi ne raka matafiya. Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira neman magani, wasu ba su taɓa hawa jirgi ba sai wannan zuwan. Na tuna wata baiwar Allah daga Maraɗi da aka yi wa aikin ido, wadda ta rantse gara ta koma gida da ƙafa da ta sake shiga wannan abu mai rawa. Baba ya zauna a gabanta a ƙasa, ya ɗauki faifan Gwaggo ya riƙe a gaban fanka, ya sa ta ɗora tafinta ta ji yadda iska take tura shi sama. Ya ce mata rawar da ta ji ba faɗuwa ba ce, gargada ce irin ta hanyar ƙauye, kuma matuƙin ma yana da uwa da take jiransa. Ta hau jirgin, ta aiko masa da kilishi daga baya.

A wajen wannan rakiya ya tsinci abin da ya riƙe har ƙarshen ransa. Ya lura duk Bahaushen da zai yi tafiya, bayan addu'a, sai ya juyo ya ce wa masu rakiya mu yafi juna, su kuma su amsa ba ka yi mana komai ba, mun yafe. Daga baya ya ji irinta a wajen jana'izar wani ɗan kasuwa, inda wani dattijo ya miƙe ya roƙar wa mamacin yafiya, jama'a suka amsa baki ɗaya. Ya dawo gida ya sa ni na yi masa bayani dalla-dalla. Abin ya shige shi ƙwarai, wai a ce mutane sun tanadi wuri da lokaci na wannan magana, ba sai mutum ya yi ta neman ta inda zai fara ba. Daga ranar ya wuce gona da iri. Ko burodi zai sauka saye sai ya tsaya a ƙofa ya ce a yafe shi, Gwaggo ta ce, "Alhaji, burodi za ka sayo, ba Makka za ka ba." Shi kuwa ba ya motsawa sai ta ce ta yafe.

Mu duka mun san ba tamu yafiyar yake nema ba. Mutanen waɗancan ƙauyuka, ya ce, bai ga fuskar ko ɗaya ba, bai san sunan kowa ba, ya bar maganarsu ga Allah yana jin tsoro. Amma akwai mutum ɗaya da ya san fuskarta. Matarsa ta fari ta daɗe da rasuwa, 'yar tana nan, ta haura shekara hamsin, tana da nata 'ya'yan. Duk Salla yakan kira ta. Wani lokaci ta ɗauka, su yi maganar sanyi da zafi, ya tambayi jikoki, ta ce suna lafiya, shi ke nan. Gwaggo tana gefe tana zungurinsa da gwiwar hannu, tana raɗa masa ya roƙa mana, me yake jira. Yakan ajiye wayar ya ce wannan magana ba ta waya ba ce, sai ido da ido, kamar yadda muke yi a filin jirgi.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni na kira 'yar tasa na gaya mata gaskiyar halin da yake ciki. Ta ce za ta zo. Baba ya sa aka yi masa aski, ya sa na goge masa farar jallabiyarsa na rataye inda zai riƙa ganinta. Ya yi ta maimaita abin da zai ce, yana gwadawa da Turanci yana cewa bai yi daɗi ba, da Hausa ta fi sauƙin fita. Tana kan hanya, jirginta ya sauka wata ƙasa tana jiran na biyu, Allah ya karɓi abinsa bayan asuba.

Abin da ya biyo baya mun yi shi ne yadda muka sani. Dangin matarsa ta biyu suka yi ɗawainiyar takardu, suka buɗe masa wuri a maƙabartar gidansu. Ɗalibai suka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi bayan la'asar, kafin magariba an dawo. A wurinmu gaggauta kai mamaci makwancinsa shi ne gata na ƙarshe da za a yi masa, kowa yana ta yaba yadda komai ya zo da sauƙi. A cikin duk taron nan babu wanda ya kawo a ransa cewa a wani wurin akan jira 'ya ta zo ta ga fuskar ubanta.

Washegari na ɗauko ta daga filin jirgi. Doguwa ce kamar shi, da irin tafiyarsa. Na gaya mata rasuwar a mota, ta gyaɗa kai kamar ta riga ta sani, sannan ta tambaya a wane asibiti aka ajiye shi, tana so a fara kai ta can. Da na gaya mata an binne shi tun jiya, ta dube ni na ɗan lokaci, ta juya tana kallon titi. Haka muka isa Ainu Shams.

Ranar addu'ar uku maza suka cika falo, mata muna ɗakin Gwaggo, an bar ƙofa a buɗe. Bayan an shafa fatiha, shugaban 'yan kasuwar Nijar ya miƙe ya ce marigayi ya zauna da mu shekaru, ɗan Adam ne, duk wanda ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa. Gida ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe, Allah ya yafe mana. 'Yar Baba, wadda nake kira Yaya, ta taɓa ni ta tambayi abin da ake cewa, na fassara mata. Ta tambaya me ya yi musu. Na ce ai bai yi musu komai ba.

"Shi ya sa ya zo musu da sauƙi," in ji ta. "Ni na zo ne in ji ya tambaye ni. Ban ma san amsar da zan ba shi ba. Amma na so in ji tambayar."

Gwaggo ta ga fuskokinmu ta ce in gaya mata abin da aka ce, kada in rage komai. Na gaya mata. Tsakaninta da Yaya bai wuce 'yan shekaru ba, amma a lissafinmu Gwaggo uwa ce, ga ta kuma cikin takaba, ita ake zuwa a durƙusa wa. Sai kawai ta sauko daga kan katifarta, ta ja jiki har gaban 'yar mijinta, ta durƙusa. Matan Sudan suka kama baki.

"Ki gaya mata ni ce na hana shi barci a kan ya roƙe ta, ya ce sai ya ga idonta," in ji Gwaggo. "To ga idonta na gani. Bakinsa ya rufe, nawa bai rufe ba. Ya tafi ya bar ki a taga, bai waiwaya ba, ya san ya yi. Ɗiyata, kin yafe masa?"

Na fassara. Yaya ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce ba yau ba. Tsohuwar nan 'yar Damagaram ta fara salati tana cewa ai ba a yi wa mamaci haka, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Gwaggo ta ce haƙƙin Yaya ne, ba na kowa ba, kuma ita tana takaba, ba inda za ta, gobe ma rana ce. Ta koma kan katifarta ta ce a kawo wa baƙuwa abinci.

Yaya ta zo da niyyar kwana kaɗan, sai ta ɗaga tafiyarta. Kowace safiya bayan shayi Gwaggo takan gyara mayafi ta yi tambayarta, ni in fassara, Yaya ta ce ba yau ba, sai a ci gaba da hira kamar an yi maganar cefane. A tsakani Gwaggo ta koya mata tuƙa tuwo, ta yi mata dariya da ya yi gudaji. Na kai ta maƙabarta, ta tsaya a gaban ƙofarta ta ƙarfe ta daɗe, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko yana dariya, ko yana da faɗa, wane abinci yake so. Wasu labaran sun sa ta murmushi. Wasu kuma, musamman na alherin da ya yi wa 'ya'yan wasu, na ga suna yi mata ciwo, na rage ba ta su.

Ranar da za ta tafi, jakarta tana bakin ƙofa, mai mota yana ta danna oda a ƙasa. Gwaggo ta kama hannunta biyu ta ce yau nata laifin za ta roƙa. Ta ce mun binne mata uba ba ta gani ba, mun ɗauka gata muka yi masa, ba mu tuna da ita ba, ta yafe mana. Yaya ba ta ko jira na gama fassara ba ta ce wannan ta yafe, ta rungume ta. Na ɗauki jakar na fara sauka, sai na ga ba ta biyo ni ba. Tana tsaye a ƙofa tana jira.

"Yau ba ta yi mini ɗaya tambayar ba," in ji ta.

Gwaggo ta yi tambayar. Yaya ta share idonta da bayan hannu.

"Ba yau ba. Amma ki ce mata kada ta daina. Tun ina yarinya nake jira wani ya tambaye ni."

Gwaggo ta fita takaba tuni, ta koma sayar da turarenta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan sa ni in kira Amurka, inda gari bai daɗe da wayewa ba. Su gaisa, a tambayi jikoki, Gwaggo ta yi ƙorafin gwiwarta, sannan ta gyara zama ta yi tambayar a madadin mijinta. Har yau amsar ba ta canza ba, kuma har yau Yaya ba ta taɓa barin wayar ta katse ba ta ɗauka ba.

Allah ya jiƙan Baba Kanar, ya sassauta masa hisabin abin da ya gani da wanda bai gani ba, ya yi wa mutanen waɗancan ƙauyuka sakayya da rahamarsa. Mu da bai yi wa komai ba mun yafe tun ranar farko. Saura mutum ɗaya, kuma jibi Juma'a.